Sabis Ya Cika

Sadiƙa tana tsaye a kan turmin da ta kife a gindin katanga, ta ɗaga rawutar, akwatin nan mai kamo sabis ɗin intanet, sama da hannu biyu kamar mai miƙa wa maƙwabta kaya. Kafaɗunta sun fara zafi. Igiyar wutar da ta jawo daga batirin sola ta ratso tsakar gida, kaji suna ta tsallake ta. A ƙasa surukarta Inno na zaune kan tabarma, ta kai wayar daf da hancinta saboda idonta ya yi rauni.

"Ya shiga?" in ji Sadiƙa.

"Abin nan dai yana ta juyawa."

"Zoben ne ke juyawa, ko hotonsa ya fito?"

"Ni ban ga hoto ba, 'yar nan. Ɗan matsa hagu. Wancan satin ta nan ya kama."

Sadiƙa ta matsa hagu iyakar faɗin turmin. Fitilar da ke goshin rawutar ta bar ja ta koma ruwan ɗorawa, ta yi kamar za ta zama kore, ta fasa. Can wayar ta yi ƙara, muryar namiji ta fito a gutsure.

"Salamu alai... ya gi... Inno tana..."

"Badaru, ga ni, ina jinka," in ji Inno da ƙarfi, kamar yana bayan gari.

Sadiƙa ta sunkuyo ba tare da ta sauke hannu ba. "Baban Nusaiba, ka saurare ni minti ɗaya. Maganar makarantar nan ce."

"Ba na jinku. Sabis ɗinku ne ba kyau. Ku gyara, zan sake ki..."

Wayar ta yi shiru. Sadiƙa ta ci gaba da tsayuwa da hannuwa a sama, sai da ta ji yatsunta sun mutu sannan ta sauko. Ta dubi ƙaramin farin akwatin da ta sayar da tunkiyarta ta saya a kasuwar Rogo. Da ba don tunkiyar ba, da ta maka shi da katanga.

"Ya ce a gyara," in ji Inno tana miƙo mata wayar. "To a gyara mana."

Shekara biyar ke nan da mijinta Badaru ya tafi Aljeriya aikin birkila. Ya bar Nusaiba tana koyon magana, yanzu ga ta tana aji biyu. A shekarar farko duk Juma'a yakan kira, su yi hira har caji ya ƙare. Daga baya kiran ya koma wata-wata, sannan ya ce layinsa na waya ya daina shiga, sai dai ta intanet. Tun daga nan kuma ba su sake yin magana mai kai da gindi ba. Kullum gaisuwa ce rabi, sai ya ce sabis ɗin ƙauyensu Kurugu ne ya lalace. Kuma ba za ta ce ƙarya yake ba, don kowa ya san sabis ɗin Kurugu. In an yi hadari ya ɗauke, in an yi rana ya yi sanyi, in mutum yana son aika hoto sai ya je gindin rimin makaranta.

*

Yayan Badaru, Mijinyawa, magatakarda ne a ofishin hakimi a Karaye. Can yake zaune da iyalinsa, yakan leƙo Kurugu ranar Asabar ya gaida mahaifiyarsa. Wannan Asabar ɗin Sadiƙa ta same shi a zaure, ta durƙusa ta gaishe shi, ta miƙa masa takardar a karo na biyu.

Ya sa tabarau ya karanta tun daga sama, kamar bai taɓa gani ba. An ba ta gurbi a makarantar koyon aikin ungozoma a Kano, shekara biyu. Shekara huɗu ta yi tana taimakon Hajiya Mas'uda, shugabar ƙaramin asibitin garin, tana wanke kayan aiki, tana riƙe fitila, tana auna masu ciki. Hajiya Mas'uda ce ta matsa mata ta zauna jarrabawar, ta kuwa ci.

"Abu ya yi kyau," in ji Mijinyawa. Ya ninke takardar ya mayar mata. "Amma na faɗa miki. Ke amana ce a hannuna. Matar aure ba ta barin gidan mijinta shekara biyu sai da izininsa."

"Yaya, na tura masa saƙon murya ya fi goma."

"Me ya ce?"

"Ya ce wannan ba maganar saƙo ba ce, sai baki da baki."

"To kin ji. Ya yi magana irin ta manya."

"Na je har Karaye ran nan, inda sabis yake da ƙarfi, na kira bai ɗauka ba. Washegari ya rubuto wai yana kan gini."

"Mutum yana neman halaliyarsa. Ranar Juma'a ce hutunsu, kin sani. Kuma ko ya ɗauka a Karaye, wa ya shaida? A nan gidan za a yi, a gaban Inno, ni ma ina zaune. Ya faɗa da bakinsa in ji da kunnena, ni da kaina zan sa ki a mota."

"Litinin ta sama za a rufe rajista, Yaya. Juma'a ɗaya ta rage."

"In rabonki ne ba zai wuce ki ba. Ki gyara abin naku."

Ya miƙe yana gyara hula. Sadiƙa ta bi bayansa da kallo har ya tada babur. Bai tambayi wa zai riƙa yi wa Inno wanka da dama mata kunu in ta tafi ba. Ita ma ba ta ɗauko zancen ba, don ta san matansa biyu a Karaye babu wadda ta taɓa kwana ɗaya a ɗakin tsohuwar.

Kwana uku ta yi tana fama. Duk wanda ya shigo gidan sai ya bar mata shawara. Maƙwabciyarta Barira ta ce a jingina murfin tukunya a bayan rawutar, wai yana tattaro sabis. Ta jingina. Mai sayar da kati ya ce ta kashe ta ƙirga zuwa talatin ta kunna. Ta ƙirga ya fi sau hamsin. Wani ya ce ta cire layin ta goge shi da bakin zane. Wata ta ce a rataye ta a reshen darbejiya, aka rataye, iska ta kaɗa ta, igiyar ta zare. Inno kuwa ta ce a lulluɓe ta da ƙyalle don kada ta yi datti, aka lulluɓe, ta ɗau zafi ta mutu sai da ta huce.

Ranar Talata Sadiƙa tana tuyar ƙuli-ƙuli, ta ajiye wayar a gefe tana jiran wani ɗan gajeren saƙo ya tafi. Ta kwashe kasko ɗaya, ta zuba na biyu, zoben yana nan yana juyawa. Ta yi tsaki mai tsawo, ta goge hannunta, ta taka har gindin rimin makaranta ta kira Abdulmumini.

*

Abdulmumini ɗan kawunta ne, tare suka tashi a Fulatan kafin a kawo ta Kurugu. Ya yi koyarwa shekara goma ya gaji, ya buɗe shagon haɗa sola da gyaran waya a Rogo. Ya iso ranar Laraba da hantsi, ya ɗauro doguwar gora a gefen babur, jakar kayan aiki a baya. Ya gaida Inno gaisuwa mai tsawo, ya tambayi ƙafa, ya tambayi damina da noman gyaɗa, sannan ya juyo ga Sadiƙa.

"Ina mara lafiyar?"

Ta kai shi ɗaki. Rawutar tana cikin kabad, a tsakanin kwanukan jere, murfin tukunya a bayanta.

Ya tsaya yana kallo. "Wa ya sa ta nan?"

"Nan ne yara ba sa taɓawa."

"Ke da ake shirin ba ki rayukan mutane. Bangon ƙasa mai kaurin kamu biyu, rufin kwano a sama, kwanukan ƙarfe a kewaye, kin kuma ƙara mata murfi. Ko ni kika sa a nan ba zan ji kiran salla ba."

"Mumini, ba wasa na kira ka ba."

"Ni ma ba wasa nake ba. Kawo wayarki."

Ya zauna bakin gado ya yi 'yan danne-danne, sai ya ɗago yana girgiza kai.

"Mutum nawa ne a gidan nan?"

"Mu uku."

"Waya ashirin da uku ke shan ruwa a rijiyar nan. Wa kika ba lambar sirri?"

"Barira kaɗai. Mijinta ma yana can Aljeriyar."

"Barira ta ba ƙanwarta, ƙanwarta ta ba mai shayi. Wani ma yanzu haka kallon ƙwallo yake da ita. Shi ya sa in kin sa data ta wata take ƙarewa a sati biyu, ko ba haka ba?"

Sadiƙa ta tuna samarin da suka mayar da bayan katangarta majalisa tun watan azumi. Ta ɗauka inuwar darbejiya suke bi. Ranta ya ɓaci.

Abdulmumini ya canja lambar, ya rubuta mata sabuwa a bayan kalanda. Ba a yi minti biyar ba suka ji guna-guni a bayan katanga, da ƙarar benci ana ja. Ya fita tsakar gida da wayarsa a hannu yana zagayawa a hankali, ya tsaya nan, ya tsaya can, yana duba wasu lambobi. Ya gwada layuka biyu da ya zo da su. Na farko ya fi nuna sandunan sabis, amma ya ce kada sanduna su ruɗe ta, wannan jama'a sun yi masa yawa. Na biyu sanda biyu kawai ya nuna, amma ba ya rawa.

"Ƙarfen sabis biyu ne ke isowa nan," in ji shi. "Ɗaya ta wajen Karaye, ɗaya ta wajenmu. Akwatin naki ya rasa wanda zai bi, yana kama wannan ya saki, ya kama wancan ya saki. Duk sakin nan shi ne yankewar da kike ji. Zan ɗaure shi a kan guda."

Ya haƙa rami a kusurwar ɗakin, ya kafa gorar, ya ɗaure ta da waya ta ƙarfe a jikin azara. A samanta ya ɗaura wata farar eriya mai kama da faranti mai kusurwa huɗu. Ya hau tsani yana juya ta kaɗan-kaɗan, Sadiƙa a ƙasa tana karanto masa lambar da ke sauyawa a waya.

"Ya ƙaru. Ya ragu. Koma inda ka baro. Tsaya nan."

"Nan?"

"Kaɗan dai. Yawwa, kada ka motsa."

Ya ɗaure. Ya sauko da kebul ta taga, ya kafa ɗan katako a saman tagar ya ɗora rawutar a kai, inda iska ke shiga kuma babu ƙarfe kusa. Da ya duba batirin sola sai ya tarar kan igiyar ya yi tsatsa, da an taɓa sai wuta ta ɗauke ta dawo. Ya kankare, ya ɗaure da kyau. La'asar ta yi kafin ya gama, rigarsa ta jiƙe sharkaf.

Fitilu huɗu suka tsaya kore a goshin akwatin. Sadiƙa ba ta taɓa sanin huɗu ba ne.

"Yanzu a gwada da nisa," in ji shi. "Kira Barirar taki."

Barira ta shigo tana ɗan noƙe kai saboda maganar lambar sirri. Aka ba ta wayar Sadiƙa ta kira mijinta Sabi'u, wanda ke gari ɗaya da Badaru. Bugu biyu ya ɗauka. Fuskarsa ta cika wayar, har ƙurar siminti da ke girarsa ana gani. Barira ta rufe baki tana dariya. Suka yi hira kusan minti goma, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, ya ce a nuna masa akuyar da ta haihu. Ko sau ɗaya murya ba ta sarƙe ba.

Kafin a kashe Sadiƙa ta leƙa. "Malam Sabi'u, ina wuni. Ya Baban Nusaiba?"

Sabi'u ya ɗan kau da ido. "Lafiya lau yake. Jiya ma tare muka ci abinci."

"Don Allah ka ce masa an gyara. Ranar Juma'a bayan masallaci."

"Zan faɗa masa, in sha Allahu."

Abdulmumini ya ci gaba da tattara kayansa. Sai da ta rako shi zaure ya tsaya yana ɗaure jaka a babur.

"Sadiƙa, daga wannan ɓangaren na gama nawa. Ko ruwa aka yi ba zai yanke ba, sai dai in ƙarfen ne ya mutu gaba ɗaya. In kin ga matsala, ki dubi fitilun nan kafin ki zargi kanki."

"To me zai hana yanzu?"

"Ban ce wani abu zai hana ba. Ki gaida Inno."

*

Ranar Juma'a ta share tsakar gida sau biyu. Ta yi wa Inno wanka ta sa mata atamfar salla, ta yi wa Nusaiba kitso. Mijinyawa ya iso bayan an sauko daga masallaci, da babbar riga da carbi, aka shimfiɗa masa darduma a ƙofar ɗaki. Sadiƙa ta jingina wayar da kwanon sha a kan kujera 'yar tsugune, yadda kowa zai gani. Ta ɗaga kai ta dubi taga. Kore huɗu.

Kira na farko bai ɗauka ba. Na biyu ma haka. A na uku hoton ya buɗe.

Rabon da ta ga fuskarsa sosai har ta manta. Ya yi ƙiba. Ya tsayar da gemu an gyara shi tsaf, da 'yar furfura a gefe. Yana zaune a kan katifa cikin farar singileti, bayansa bango mai shuɗin fenti, fanka tana juyawa a sama, labule yana motsi a taga. Shi ma da alama bai zaci zai gansu haka ba, don sai da ya ɗan ja baya kafin ya yi sallama.

"Badaru," in ji Inno. Ta miƙa hannu ta shafa gilashin. "Yau kam na ji ka kamar kana ɗakin nan."

"Inno, ina wuni. Ya ƙafar?"

"Da sauƙi. Ka ci abinci? Muryarka ta yi kauri."

Suka gaisa da yayansa. Aka turo Nusaiba gaba, ta ce ina wuni tana kallon ƙasa, ya ce ta girma, ta ruga ta ɓuya a bayan uwarta. Kowace kalma tana fitowa garau. Har ƙarar cokali a kofi ana ji daga wani wuri a ɗakin nasa. Mijinyawa ya ce wa yarinyar ta je waje ta yi wasa, sannan ya yi gyaran murya.

"To, Badaru, iyalinka tana da magana."

Sadiƙa ta matso. Ta riga ta tsara abin da za ta faɗa tun kwana uku, gajere, don kada a ce ta cika surutu.

"Baban Nusaiba, an ba ni gurbi a makarantar ungozoma a Kano. Shekara biyu ne, ana zuwa hutu. Nusaiba za ta zauna wurin gwaggona a Fulatan. Gata Litinin ake rufewa. Izininka nake nema, ga Yaya ga Inno."

Ya buɗe baki. "Wace makar... ba na j... ku sake..."

Sai ya tsaya cak, baki a ɗan buɗe, ido a kafe wuri ɗaya.

Sadiƙa ta ɗaga kai da sauri ta dubi taga. Kore huɗu, babu wadda ta ƙifta. Ta mayar da ido kan wayar. Badaru yana nan a sandare, amma fankar da ke saman kansa tana ta juyawa abinta. Labulen ya kumbura ya koma. Wani mutum ya gifta ta bayansa ɗauke da tukunya, ya waiwayo ya dube shi, ya wuce.

Ta yi shekara tana ganin hoto ya tsaya, ta san yadda yake. In ya tsaya, komai ne ke tsayawa.

Ta daɗe tana kallonsa. Namiji mai shekara arba'in, ya riƙe numfashi a gaban uwarsa da yayansa, yana jiran a gaji a kashe. Ta ga maƙogwaronsa ya motsa. Abin ya so ya ba ta dariya, sai dai dariyar ta tsaya mata a ƙirji ta zama wani abu mai ɗaci. Ta tuna turmi, da reshen darbejiya, da murfin tukunya, da tunkiyarta.

"Baban Nusaiba," ta ce a hankali, "fankar bayanka tana juyawa."

Idonsa ya yi sama kaɗan, ya dawo. Sai hannunsa ya taso ya rufe hoton, kiran ya yanke.

Wata kaza ta zo ta leƙa kwanon shan ta wuce. Mijinyawa ya ja carbinsa guda uku.

"Kin gani ko," in ji shi. "Ya sake yankewa."

"Yaya, ka ga abin da na gani."

"Ni na ga hoto ya tsaya."

"Mutum ya wuce ta bayansa da tukunya."

"Waɗannan na'urorin ba a gane musu. Sake kira."

Ta sake kira. Ya nuna wayar a kashe take. Ta kuma kira, haka.

"To," in ji Mijinyawa yana neman takalminsa da ƙafa. "Bai ce e ba."

"Bai ce a'a ba."

"Shiru ba izini ba ne, Sadiƙa. Ni ba zan ɗauki nauyin abin da ban ji ba."

Yanzu ta gane lissafin duka, kuma ba mai wuya ba ne. In ya ce ta tafi, sai an nemo mai kula da Inno. In ya ce kada ta tafi, za ta tambaye shi yaushe zai dawo. Muddin sabis ba kyau, babu tambayar da ta zama dole ya amsa. Yayansa ma haka.

"To in ba zai ba ni izini ba, ya ba ni takardata," in ji ta.

Mijinyawa ya dube ta ta saman tabarau. "Subhanallahi. A gaban Inno kike wannan magana? Wannan ma ai sai da bakinsa."

"Ta wace waya?"

Mijinyawa ya sunkuya ya yi wa mahaifiyarsa sallama, ya ce Asabar mai zuwa yana da taro, wataƙila sai ta sama. Inno ba ta ɗago ba. Tana ta murza bakin atamfarta da yatsa.

*

Ranar Asabar Sadiƙa ta kira mahaifinta a Fulatan, ta faɗa masa komai, har da cewa za ta kai ƙara kotu, muryarsa tana fitowa tas. Ya saurara har ƙarshe, ya ce zai yi magana da Mijinyawa bayan an cire gyaɗa, maganar kotu kuma kada ya sake jin ta a bakinta, ba a san gidansu da haka ba. Ranar Lahadi Hajiya Mas'uda ta kira makarantar ta roƙa a ɗaga mata ƙafa sati ɗaya. Aka ce akwai mata arba'in a jerin masu jira. Litinin ta zo ta wuce. Sadiƙa ta je asibiti kamar kullum, ta wanke almakashi, ta riƙe wa wata mai naƙuda hannu, ta dawo ta ɗora tukunya.

Labarin gorar ya zaga Kurugu. Mata suka fara sallama da la'asar, kowace da waya a ƙunshe a bakin mayafi. Wannan ɗanta yana Legas, waccan mijinta yana Agadas, wata 'yarta ce aka kai aure Jos. Sadiƙa ba ta ba kowa lambar ba, ita take karɓar wayar ta sa musu da hannunta, in sun gama ta cire. Sukan zauna a gindin taga su yi ta hira da mutanensu, a nuno musu ɗaki, a nuno musu abinci, a yi faɗa a shirya. Wasu in za su tafi sai su tambayi Inno, ya labarin Badaru, yanzu kam ai kullum kuna tare. Inno takan ce lafiya lau yake, ta kama wani zancen.

Wata ranar Alhamis da yamma Barira ce kaɗai ta rage, ta koma zaure da wayarta don su yi magana da Sabi'u ba a ji ba. Sadiƙa tana tsince shinkafa a faranti. Inno tana kan tabarmarta, ta miƙe ƙafar da ke ciwo.

"Sadiƙa."

"Na'am, Inno."

"Ki aika wa ɗan kawun nan naki ya zo ya sauke gorar nan."

Sadiƙa ta ɗago. "Wani abu ta yi?"

Tsohuwar ta kai hannu ta kori ƙuda daga gwiwarta.

"Idona ne ba ya gani, kunnena lafiya lau. Na ji fankar. Na ji numfashinsa ma. Da can in an tambaye ni, sai in ce sabis ne."

Daga zaure dariyar Barira ta taso, muryar Sabi'u tana biye da ita, a sarari kamar yana tsaye a bakin ƙofa. Sadiƙa ta cire wani ɗan dutse daga cikin shinkafar ta jefar.

"A bar ta, Inno," ta ce. "Mutane suna amfani da ita."

Can Inno ta dafa ƙasa ta muskuta da ƙyar, ta ja tabarmarta kaɗan-kaɗan, har ta juya wa tagar baya.